Mi Ya Sa Kwamfuta Take Yin Zafi?

Wata rana cikin watan Afrilu, bayan an tashi daga makaranta, wani malami a Tabotaki ya koma gida da takardun jarrabawar ƴan ajinsa. Ya shiga ɗaki, ya zauna bisa katifa, ya buɗe kwamfutarsa, ya soma rubuta makin kowane yaro. Ɗakin mai rufin kwano ne, rana kuwa ta take tsaka. Can sai kwamfutar ta fara huci kamar wanda ya yi gudu. Ta soma nawa. Malam ya taɓa ƙarƙashinta, ya ji kamar marfin tukunya. Kafin ya kai ga sunan yaro na talatin, sai ta ɗauke ɗif. Duk abin da bai ajiye ba ya ɓace.

Malam ya san zafi ne ya yi mata yawa. Ya ɗauke ta daga katifa, ya aza ta bisa tebur cikin inuwa, ya ƙyale ta. Bayan la'asar ya kunna, ta tashi lafiya lau. Amma tilas ya sake aikinsa tun daga farko.

Yara, irin wannan kwamfuta da ake naɗewa a sa cikin jikka ita ce ake kira kwamfutar cinya. Kuna ganinta a hannun malamai, da ma'aikatan gidan likita, da akawun magajin gari, da ɗalibai masu dawowa hutu daga Tawa ko Yamai. Tana da tsada, kuma mai gyaranta ba a kowane gari ake samunsa ba. Wata rana ku ma za ku yi aiki da ita. Saboda haka ya kamata ku san inda zafinta yake fitowa, da yadda take fitar da shi, da abin da yake hana ta, da abin da za ku yi in ta yi zafi.

1. Daga ina zafin yake fitowa?

Ku murza tafin hannuwanku da sauri. Mi kuka ji? Ɗumi. Ku taɓa cajar salula da ta daɗe a jikin wuta. Ita ma da ɗumi. Duk inda ake aiki, zafi yana fitowa.

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan abu mai faɗi, girmansa bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Shi yake lissafi, shi yake tsara rubutu da hoto da murya. A cikinsa akwai ƴan makunnai ƙanana ƙwarai, miliyoyi dubbai, waɗanda ido ba ya gani. Wutar lantarki tana bi ta cikinsu, suna kunnuwa suna mutuwa da saurin da ya wuce ƙiftawar ido. Kusan dukan wutar da kwamfuta ta ci, daga ƙarshe zafi take komawa. Batir ma yana ɗumi in ana cajinsa.

Wannan matsala ta daɗe. A 1946, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, an nuna wa jama'a wata kwamfuta mai suna ENIAC. Ta cika babban ɗaki, nauyinta ya kusa tan 30, tana cin wuta wajen wat 150,000. Sai da aka sa mata manyan fankoki don kada zafi ya ƙona ta. Kwamfutar malam ta fi ENIAC sauri nesa ba kusa ba, kuma wutar da take ci kaɗan ce. In kun duba bayan cajarta, sau da yawa za ku ga an rubuta 45 W ko 65 W. Amma wannan ɗan zafi a wuri guda yake taruwa, cikin akwati siriri da bai kai kaurin littafin karatu biyu ba. In bai sami hanyar fita ba, sai ya yi ɓarna.

2. Yaya kwamfuta take sanyaya kanta?

Ku tuna da randa. Ruwan randa yana sanyi ko da bazara, domin yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka salkar makiyayi take yi. Haka jikinmu yake yi da zufa. Ruwan da ya zama tururi yana kwashe zafi ya tafi da shi.

Masu ƙera kwamfuta da irin wannan dabara suke aiki. Akwai abubuwa huɗu da suke taimakon juna.

Na farko, wani mai mai kauri, toka-toka, da ake shafawa bisa ƙwaƙwalwar. Yana cike ƴan ramukan da ke tsakaninta da ƙarfen da ke danne ta, don zafi ya ƙetare da sauƙi.

Na biyu, wani bututu na jan ƙarfe, toshe gaba da baya. An zuƙe iskar cikinsa, an sa ɗan ruwa kaɗan. A gefen da ke kan ƙwaƙwalwa ruwan yana zama tururi. Tururin ya ruga ɗaya gefen, ya huce, ya koma ruwa, ya dawo. Haka yake ta kai da kawowa, ba ya ƙarewa.

Na uku, wasu siraran ƙarafa da aka jera kamar haƙoran mataji a ƙarshen bututun. Su suke karɓar zafin.

Na huɗu, ƴar fanka. Tana jawo iska ta ƙofofin da ke ƙarƙashin kwamfuta, ta tura ta tsakanin haƙoran nan, iskar ta fita ta gefe ko ta baya da zafinta. In kun kai hannu wurin, za ku ji iska mai ɗumi tana fita. Wasu siraran kwamfutoci ba su da fanka. Su jikinsu ne yake ba iska zafin.

Kun gani ke nan, kwamfuta numfashi take yi. Tana shaƙar iska mai sanyi, tana fitar da mai zafi. Duk abin da ya toshe mata hanci ya cuce ta.

3. Abubuwan da suke sa ta yin zafi fiye da kima

Ƙura. Mu mutanen Adar mun san iska, mun san ƙura. Saboda iskar da take kwashe ƙasar gona ne aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, tun 1975. Da ɗari ga hazo, da farkon damana ga guguwar da take zuwa gaban hadari. Ko an share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanta bisa tebur. Fanka ba ta zaɓe, duk abin da ke cikin iska jawowa take yi: ƙura, gashi, zaren bargo, ƙaiƙayi. Sannu a hankali su taru a bakin haƙoran ƙarfe, su zama kamar ɗan tsumma. Fanka tana ta juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta wucewa. Kamar yaro ne mai mura, yana ja da ƙarfi, hanci kuwa a toshe.

Mugun mazauni. Katifa, da bargo, da matashin kai, da darduma mai gashi suna da laushi. Kwamfuta tana nutsewa cikinsu, ƙofofin iska su rufe. Wannan ne kuskuren malam. Ko da sunanta kwamfutar cinya, ba a so ta daɗe bisa cinya. Riga tana toshe ta, kuma zafinta yana iya yi wa fata tabo in an saba yin haka.

Zafin gari. Kunu ya fi saurin hucewa da ɗari bisa ga bazara. Domi? Domin zafi daga abu mai zafi yake tafiya zuwa abu mai sanyi, kuma in bambancinsu ya yi yawa ya fi saurin tafiya. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa kwamfutarsu ta fi son wurin da bai wuce digiri 35 ba. A ƙasarmu kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Ɗakin kwano ya fi haka. Iska mai zafi ba ta iya ɗaukar zafi da yawa. In kuma rana tana dukan kwamfutar kai tsaye, abin ya zama biyu, balle ma in baƙa ce.

Kaya mai yawa. Jakin da aka yi wa lodin buhu ɗaya na albasa zai je kasuwa yana kaɗa kunne. In aka aza masa uku, zai yi ta haki. Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Rubutu aiki ne mara nauyi. Kallon fim, da wasanni, da buɗe shafuffukan intanet barkatai, aiki ne mai nauyi. Wani lokaci kuma wata muguwar manhaja ce ta shiga, tana aiki a ɓoye, mai kwamfuta bai sani ba.

Tsufa. In shekaru suka yi yawa, man da ke kan ƙwaƙwalwa yana bushewa, ya daina miƙa zafi da kyau. Fanka ma tana gajiya. Za a ji tana ƙara kamar ƙwaro ya shiga ciki, ko kuma a ji ta yi shiru ɗungum.

Caja mara kyau. A garuruwanmu wasu da kuran suke caji, wasu da faranti mai kama hasken rana, wasu da injin wuta. Caja ta jabu, ko wadda ba ta dace da kwamfutar ba, ko wutar da take hawa tana sauka, duk suna iya sa caja da batir su yi zafi.

4. Alamun da za ku lura da su

Kwamfuta ba ta magana, amma tana nuna alama. Fanka tana huci ba hutawa. Ƙarƙashinta ko wajen madannai ya yi zafin da hannu ba ya jurewa. Aiki ya yi nawa, hoto yana tsayawa. Daga ƙarshe ta mutu da kanta.

Akwai ma'aunin zafi a cikin ƙwaƙwalwarta. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana jure zafin da ya fi na jikinmu ƙwarai, amma in ta kusa digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don ta huce. Shi ya sa take nawa. In hakan bai isa ba, sai ta yanke wuta. Ran nan kwamfutar malam tsira ta yi da kanta. Amma in ana maimaita haka kullum, kayan cikinta suna raunana, kwananta ya ragu.

5. Abin da za a yi

In ta riga ta yi zafi, ga matakai bi da bi:

Ajiye aikinka nan da nan. Ka saba da ajiyewa a kai a kai, kuma ka riƙa kwafe muhimmin aiki a wani wuri dabam.

Kashe ta gaba ɗaya, ka cire caja.

Kai ta inuwa, inda iska take wucewa. Bar ta a buɗe ta huce, kamar rabin awa.

Kada ka zuba mata ruwa. Kada ka rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka sa ta cikin firji ko bisa ƙanƙara. Kun ga yadda raɓa take fitowa a jikin kwalbar ruwan sanyi? Haka za ta fito a cikin kwamfuta, ruwa da wutar lantarki kuwa ba sa shiri.

Amma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ga abin da ya kamata a riƙa yi kullum:

A aza ta bisa abu mai tauri, shimfiɗaɗɗe, kamar tebur ko benci ko guntun katako. A ɗaga bayanta kaɗan da kwalin ashana biyu ko marfin kwalba, don iska ta shiga ta ƙasa. Kada a jingina littafi ko bango a bakin ƙofar da iska take fita.

A zaɓi lokaci. Manomi da sassafe yake zuwa gona, ya huta da rana tsaka. Da bazara a yi babban aiki da safe ko da dare. In tilas ne da rana, a nemi ɗakin ƙasa ko inuwar itace, a guji ɗakin kwano.

A rage mata kaya. A rufe duk manhajar da ba a aiki da ita. In fanka tana huci alhali ba a aikin komi, a nuna wa wanda ya sani ya duba ko muguwar manhaja ta shiga.

A share ƙofofin iska. Bayan an kashe ta, a sa busasshen burushi mai laushi a kakkaɓe ƙurar waje ɗaya, kada a tura ta ciki. Kada a hura da baki, domin numfashinmu yana da laima. Kada a soka tsinke ko allura.

In an gama aiki, a bari ta huce, sannan a sa ta cikin jikkarta ko a lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura. A tabbata ta mutu sarai kafin a sa ta jikka. Wadda aka rufe marfinta kawai tana iya farkawa a ciki, ta yi ta ɗumama ba iska. Kada a bar ta cikin mota a rufe, ko bisa babur cikin rana.

A yi aiki da cajarta ta asali, ko wadda ta yi daidai da ita. Caja ma tana son iska, kada a binne ta cikin bargo.

In an yi duk wannan ba ta daina ba, aiki ya zama na mai gyara. Shi zai kwance ta, ya fitar da ƙurar ciki, ya goge tsohon mai ya sa sabo, ya canja fanka in ta mutu. A ƙasa mai ƙura irin tamu, yana da kyau a kai ta a share ko da sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, kafin bazara ta kama. Kuɗin mota zuwa Madawa ko Ƙonni ko Tawa da ladan mai gyara ba su kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Yaro kada ya ɗauki wuƙa ya ce zai buɗe ta. Wayoyin ciki sirara ne kamar gashi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

6. Hattara da batir

Wannan shi ne abin da ya fi komi muhimmanci cikin darasinmu. Batirin kwamfuta da na salula iri ɗaya ne, ana yin su da wani ma'adini mai suna litiyom. An soma sayar da irinsu a 1991. Suna riƙe wuta da yawa cikin ɗan wuri, amma zafi yana tsofar da su da wuri. Wanda ya lalace yana iya kumbura, wani lokaci har ya kama wuta. A 2006 kamfanin Dell ya nemi a mayar masa da batir fiye da miliyan 4, saboda an ga wasunsu suna iya kamawa da wuta.

Yaya ake gane batir ya kumbura? Kwamfuta ba ta zama daidai bisa tebur, tana tangal-tangal. Wajen madannai ya tasa sama. Marfi ba ya rufuwa sosai. Gefenta ya buɗe baki. Wani lokaci ana jin wani irin wari.

In kun ga haka, ku faɗa wa babba nan take. A kashe ta, a cire caja, kada a sake sa ta caji. Kada a danna wurin, kada a huda. A ajiye ta bisa ƙasa, nesa da zana da kara da ciyawar dabbobi, har a kai ta ga mai gyara. In ta soma hayaƙi, ku fita, ku kira manya. Hayaƙin guba ne. Tsohon batir kuwa ba abin wasa ba ne. Ba a jefa shi cikin wuta, ba a jefa shi cikin rijiya, ba a yar da shi a juji inda awaki da ƙannenku suke yawo.

Tun daga ran nan malam ya sami guntun katako, ya ajiye kusa da katifarsa. Kwalin ashana biyu suna kai. Da bazara kuma bayan sallar asuba yake rubuta maki.

Kalmomi

Kwamfutar cinya: ƙaramar kwamfuta mai batir da ake yawo da ita. Da Faransanci, ordinateur portable.
Ƙwaƙwalwar kwamfuta: sashen da yake yin lissafi. Da Faransanci, processeur.
Fanka: abin da yake juyawa yana kaɗa iska. Da Faransanci, ventilateur.
Manhaja: tsarin umurni da yake sa kwamfuta ta yi wani aiki. Da Faransanci, logiciel.
Digiri: ma'aunin zafi da sanyi.
Wat: ma'aunin ƙarfin wutar lantarki.

Tambayoyi

1. Mi ya sa kwamfutar malam ta mutu da kanta?
2. Faɗi abubuwa huɗu da suke fitar da zafi daga cikin kwamfuta.
3. Ta wace hanya bututun jan ƙarfe ya yi kama da randa?
4. Domi kwamfuta ta fi wahala da bazara bisa ga ɗari?
5. Mi ya sa ba a sa kwamfuta mai zafi cikin firji?
6. Faɗi alamu uku na batirin da ya kumbura. Mi za ka yi in ka gan su?

Aiki

1. Jiƙa bayan hannunka ɗaya da ruwa, ka bar ɗayan a bushe. Kaɗa su cikin iska. Wanne ya fi sanyi? Rubuta dalili cikin jimla biyu.
2. Ku zuba ruwan ɗumi daidai wa daida cikin kwano biyu. Ku aza ɗaya bisa duwatsu uku, ɗaya kuma ku nutsa shi cikin bargo. Bayan minti 20 ku taɓa. Wanne ya fi hucewa? Mi wannan ya koya muku game da katifa?
3. Shafi huɗu na aiki suna ɗaukar malam minti 30. Kwamfuta ta mutu bayan ya rubuta shafi 12 bai ajiye ba. Minti nawa ya yi hasara?
4. Zana kwamfuta, ka nuna da kibiya inda iska take shiga da inda take fita. Rubuta sunayen sassan da Hausa da Faransanci.